Hatimi Uku a Kan Kwanon Nagisa

Sau na uku ke nan Hatanaka Michiru ta sa kwamfuta ta sake fitar da jerin sunayen yara, sau na uku kuma ya fito daban. Ta shimfiɗa takardun a kan tebur, ta ajiye ta safe a gefensu, wadda ke ɗauke da jan hatiminta, ta bi suna guda da yatsa. Horiuchi Nagisa, aji ɗaya. A takardar safe an rubuta a cire mata ƙwai. A ta biyu alkama. A ta uku gyaɗa, a ta huɗu jatan lande. Yarinya ɗaya ce, kuma ba ta sake jiki ba tsakanin safe da hantsi.

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da minti arba'in da biyu. Motocin abinci sun fita tun goma da rabi.

Cibiyar da take wa aiki ita ke dafa wa makarantun firamare bakwai na garinmu abincin rana, yara dubu biyu da 'yan kai. A cikinsu akwai sittin da huɗu da jikinsu ba ya karɓar wani abu, wani ƙwai, wani madara, wani kifi. Waɗannan kowa da kwanonsa mai murfi, a kan murfin an manna takarda mai sunansa da abin da aka cire masa. Michiru ce ke buga takardun kowace safiya. Yau ma ba wani abu ya sa ta sake bugawa ba illa ofishin ilimi ya nemi kwafi, injin kwafi kuma ya cinye takarda ya tsaya.

Ta miƙe ta nufi durowar da ake ajiye takardun likitoci. Ta buɗe. Ta zaro ta Nagisa. Madara. An ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashi, kuma uwar ta ƙara da hannunta a gefe: bara numfashinta ya ɗauke, ta kwana huɗu a asibiti, allurarta tana cikin jakarta.

Abincin yau farar miya ce ta kaza da dankali, wadda ake kaɗawa da madara, sai wainar ƙwai a gefe. Wanda ba ya shan madara akan yi masa tasa da ruwan waken soya, fara fat ita ma, ko mai dafawa ba za ta bambance su da ido ba. Ke nan yau an ɗauke wa Nagisa wainar ƙwai, an cika mata kwano da miyar madara, an rufe, an manna sunanta.

Michiru ta rufe durowar. Ta koma kujera ta buɗe rubutun da ke fitar da jerin, tana bin layukan, idonta na tsallake wasu. Wani Tsuruoka ne ya rubuta shi da yaren kwamfuta na Perl shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya yi ritaya ya koma noman gauta, ba wanda ya ƙara leƙa ciki tun da ba a taɓa jin kansa ba. Tebur biyu ya yi, irin wanda masu sana'ar ke kira hash. A ɗaya sunayen yara, a ɗaya abin da ba sa ci, lambar kowane yaro kuma ita ce makullin da ke buɗe gurbinsa a duka biyun. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki makulli a teburin farko a je da shi a buɗe na biyu. Tsuruoka bai yi haka ba. Ya kwaso makullan teburin farko a jere, ya kwaso na biyun a jere, ya haɗa na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, kamar mai zazzage takalman dama daga buhu guda, na hagu daga wani buhun, yana haɗa su yadda suka faɗo.

A tsohuwar kwamfuta kullum tare suke faɗowa, shekara goma sha huɗu ana cin sa'a ba a sani ba. Sabuwar kuwa da gangan take yamutsa jerin makullai, kowane tebur da nasa yamutsin, kowane bugu da sabo. Littafin koyon Perl ma ya faɗa, baƙi a kan fari, cewa ba a yi wa kowa alkawarin jeri ba. Michiru ta san wannan tun tana ɗaliba. Ita ce kuma jiya da yamma ta kwashe komai ta mai da kan sabuwar kwamfuta, ta gwada, ta ƙirga takardu sittin da huɗu, yara sittin da huɗu, masu ƙwai goma sha tara kamar kullum, masu madara goma sha ɗaya kamar kullum. Ta ce aiki ya yi, ta kashe fitila ta tafi gida.

Zan faɗi gaskiya a kanta, tun da na san ta. Akwai ɗan lokaci, bai kai a shaƙi numfashi biyu ba, da ta dubi takardun nan uku ta dubi kwandon shara. Ma'aikaciyar kwantiragi ce, shekararta arba'in da bakwai, duk watan Maris ake sabunta mata. Ba wanda ya ga takardun sai ita. Sai ta ji kunyar kanta ta kama ta har wuya, ta tattara su ta fita da gudu.

Shugaban cibiya, Mizoguchi, yana zaune yana goge tabarau. A gefensa Ogata Fumie, mai tsara abinci, tana cika wata takarda a tsaye.

"Shugaba, a tsayar da kwanonin musamman. Duka. Yanzu."

Mizoguchi ya mai da tabarau a hankali. "Hatanaka-san, zauna mana. Me ya faru?"

"Sunayen sun rikice da abincin. Kowane yaro an ba shi na wani."

"Haba dai. Ai an duba." Ya jawo kwafinsa na safe ya buga yatsa a ƙasan takardar. "Ga naki, ga na Ogata-san, ga nawa."

Hatimi uku ne jere, ja wur, kowanne ya ɗan sunkuya wajen na gaba da shi yadda muka saba. Mu dai a ƙasar nan in takarda ta sami hatimi uku, ko cewa ta yi teku ya ƙafe sai mu fara neman takalmin tafiya.

"Da me kuka duba?" in ji Michiru.

Ogata ta ce, "Da jerin mana. Ɗaya na karantawa, ɗaya na nuna murfi da yatsa tana cewa daidai. Kwano sittin da huɗu, ina tsaye a kansu."

"Jerin da takardun murfin bugu ɗaya ne, Ogata-san. Tare suka fito, tare suka yi ƙarya."

Ta tura mata takardar likitan Nagisa da ta safe. Ogata ta dubi wannan, ta dubi waccan. Biron hannunta ya faɗi ƙasa, ba ta bi shi da ido ba.

"Na ga sunan Kenshin da kifi," ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta. "Raina ya ce ai yaron nan alkama ne. Sai na dubi jerin."

Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Shekara shida da suka wuce wata mai dafawa ta zuba wa yaro abinci da ka, ta yi kuskure, tun ranar aka kafa allo a bangon kicin da manyan baƙaƙe: kada a yi aiki da ka, a bi takarda. Kowace safiya sai sun karanta shi tare da babbar murya kafin su ɗaura ƙyallen gaba.

Mizoguchi ya share goshi. "To, bari mu natsu. In muka tsayar da abinci a makaranta bakwai sai an sanar da ofishin ilimi tukuna, su kuma za su ce wa ya ba da izini. Ko mu fara tantance waɗanda abin ya shafa, mu ɗan zauna minti goma..."

"Shugaba," in ji Ogata, ta riga ta ɗaga kan waya, "ka zauna kai kaɗai. Sha biyu da kwata suke buɗe murfi."

Agogo ya ce sha biyu saura minti tara. Suka raba makarantun, Ogata ta ɗauki uku, Michiru uku, Mizoguchi ya ga ba makawa sai ya bi, ya ɗauki ɗaya yana ta sunkuya wa waya yana ba da haƙuri. Maganar guda ce: kada a buɗe kwano mai suna, ko ɗaya, bayani zai biyo baya. Makaranta Lamba Biyu ta ɗauka nan take. Lamba Biyar sai da aka nemo mataimakin shugaba.

Lamba Bakwai ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Michiru ta kashe ta sake kira. Ƙaramar makaranta ce a kan dutse, yara talatin da ɗaya, malamai biyar. Da rana kowa, har shugaban makaranta, yana zauren cin abinci yana taya rabo, ofis ba kowa, wayoyin hannu kuma suna kulle a durowa bisa doka. Ta nemo lambar malamar aji ɗaya. Matar ta ɗauka, ana jin kukan jariri a bayanta: ai tana hutun haihuwa tun watan jiya, wata sabuwa ce ke riƙe da ajin, ba ta da lambarta. Direban da ya kai abincin kuwa ya riga ya sauko yana wanke mota a bayan kicin.

A Lamba Bakwai kwano mai suna guda ɗaya ne tak. Na Nagisa.

"Ci gaba da kira," ta ce wa Ogata, ta fizgi makullin motarta.

Tafiyar rabin awa ce in hanya ta yi kyau. Ta fita gari ta bi gefen kogi, ta wuce gonakin shinkafa da aka girbe, ta kama hawan dutse inda hanya ke murɗewa tsakanin itatuwa. A kwana ta uku ta tarar da wani tsoho a 'yar motar gona, ya ɗora buhunan taki, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Ba wurin wucewa. Michiru, wadda tun da ta karɓi lasisi ba ta taɓa danna wa mutum oda ba, ta kwanta a kan oda. Tsohon ya ɗago hannu ta taga ya gaishe ta.

Sha biyu da minti goma. Ta san abin da ake yi yanzu kamar tana wurin. Yara sun sa farar riga da farar hula, sun yi layi. Shugaban makaranta ya riga ya ɗanɗana abincin tun ɗazu kamar yadda doka ta ce, ya rubuta cewa lafiya lau, don shi madara ba ta taɓa yi masa komai ba.

Waya ta yi ƙara, ta danna ba ta dubi allon ba.

"Shida sun tsayar," in ji Ogata. "Sittin da uku suna hannu. Bakwai har yanzu shiru. Kina ina?"

"Ban kai gada ba."

"Wayyo." Ana jin ƙarar ɗaya wayar da ke ta ringi a kunnen Ogata. "In sa a kira motar asibiti ko?"

"Mu ce musu me? Ba mu san..." Ba ta ƙarasa ba.

Tsohon ya ratse wata gona, hanya ta buɗe. Sha biyu da kwata ta cika tana kan gada. Ta ji a kunnenta yadda yara talatin da ɗaya ke haɗa tafin hannu su yi godiyar abinci da murya ɗaya, sannan ƙarar murafe. Tana ta lissafin abin da ba ta so ta lissafa: cokali nawa, minti nawa kafin leɓe ya kumbura, ko sabuwar malamar ta san inda allurar take, ko ta taɓa riƙe irinta.

Sai ta ji jiniya a bayanta.

Ta dubi madubi. Farar mota ce da jar fitila, tana hawowa da gudu. Michiru ta ratse gefe ta taka birki, motar ta wuce ta, ta sha kwana ta ɓace, ta nufi sama, inda ba komai sai ƙauye guda da makaranta. Tsoro irin wanda ba ta taɓa sani ba ya kama ta. Ta buɗe baki ta ji wani sauti ya fito wanda ba kuka ba ne ba magana ba. Ta ɗan jima kafin ta tuna yadda ake tayar da mota.

Sha biyu da rabi da minti ɗaya ta shiga harabar makaranta. Ta duba dama ta duba hagu. Babu motar asibiti. Can ƙasa cikin ƙauye ta hango jar fitilar tana juyawa a ƙofar wani gida. Ba ta tsaya jin daɗi ba, don rashin mota ba ya nufin komai sai cewa ba a kira ba tukuna.

A bakin ƙofa ta tsaya ta tuɓe takalmi. Ko mutuwa ke bin mutumin garinmu sai ya tuɓe takalmi ya juya su sun fuskanci waje. Ta bi baranda da safa tana zamewa, tana jin wayar ofis na ta ƙara ita kaɗai a bayan ƙofa, ta tura ƙofar zaure.

Kiɗa na tashi a hankali daga lasifika, cokula na ƙara. Kawuna talatin da wani abu suka juyo.

"Horiuchi Nagisa," ta ce, numfashinta na sarƙewa. "Ina take?"

Wata matashiyar malama ta miƙe da cokali a hannu. "Lafiya? Daga ina?"

"Cibiyar abinci. Ina take?"

A ƙarshen dogon tebur wata 'yar ƙaramar yarinya na zaune, hular ta yi mata yawa ta rufe gira. Kwanonta a buɗe, cike da farar miya har baki. A kan faranti ga cokali an ɗebo miya a ciki an ajiye. Hannuwanta biyu suna ƙarƙashin tebur, a kumatunta akwai sawun hawaye da ya bushe.

Michiru ta isa ta janye farantin da ƙarfi har miyar ta fantsama. Ta durƙusa ta kama fuskar yarinyar tana duba leɓe, tana duba wuya.

"Kin ci? Nagisa-chan, kin sa a baki? Ko kaɗan?"

Yarinyar ta girgiza kai.

"Ai tun ɗazu muke fama," in ji malamar, Ebihara sunanta, tana murmushin ba da haƙuri. "Ta ƙi ci sam. Wai ba haka ake rubuta mata ba. Na ɗauko jerin na nuna mata, ga sunanta, ga hatimi har uku. Har na ɗebo mata cokali ɗaya in lallashe ta, ta datse baki. Kin san yara in suka..."

"Madara ce a ciki."

Murmushin ya tsaya a fuskar Ebihara, ya ɗan jima a wurin kafin ya mutu. Ta dubi cokalin da ta ɗebo da hannunta. Ta laluba bayanta ta sami kujerar yara ta zauna a kai, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓa. Shugaban makaranta ya taso, wani ya kashe kiɗan, aka fara kora yara waje da farantansu. Michiru ta kira Ogata ta ce kalma huɗu, ba ta ci ba, ta ji matar ta fashe da kuka a can, ta kashe.

Zauren ya rage su kaɗan. Nagisa ta ɗago kai.

"Kullum madara ake rubutawa," ta ce da 'yar siririyar murya. "Yau an rubuta ƙwai. Ni ina cin ƙwai."

"Haka ne."

"Mama ta ce in ci mai sunana kawai. Wannan da sunana." Ta nuna murfin. "Malama ta ce manya uku sun duba. Yi haƙuri ban cinye ba."

Michiru ta dubi murfin kwanon. Cibiya guda, kwamfuta sabuwa, masu nuna murfi da yatsa, hatimi uku, duk ba wanda ya gwada takardar da wani abu sai da 'yar uwarta takarda. Sai wannan mai shekara shida da ta zauna minti goma sha shida ita kaɗai da baki a datse.

"Ba ki yi laifi ba," in ji Michiru. "Takardar ce ta yi kuskure. Ke ce daidai."

Nagisa ta jawo jerin da malama ta bari a kan tebur, ta dubi jajayen da'irori ukun da ke ƙasa.

"Anti, akwai naki a nan?"

Michiru ta ɗora yatsa a kan na farko.

Yarinyar ta dube shi, ta dubi fuskarta, ta gyaɗa kai.

Shugaban makaranta ya dawo da kansa ɗauke da ƙaramin kwano, farar shinkafa daga babbar tukunyar kowa, tana tururi. Ya ajiye a gabanta da sandunan ci. Cikin yarinyar ya yi ƙugi, kowa ya ji. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta juya shi a hankali, ta leƙa gefensa, ta ɗaga ta leƙa ƙasansa. Babu takarda.

"Shinkafa ce kawai," in ji Michiru. "Ba komai a ciki. Na tabbata, ci abinki."

"To," in ji Nagisa. "Na gode, Anti."

Ta ajiye kwanon daidai inda yake, ta mai da hannuwanta ƙarƙashin tebur.